Silimar Gida da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyi da Amsoshi kan Sifika, Wufa da Risiba

Mutum zai tara kuɗi ya sayi talabijin mai inci 55, a kafe masa shi a bangon falo, ya zauna kallo, sai ya ji muryar 'yan wasa kamar daga cikin gwangwani. Ya ƙara murya, kiɗa da harbe-harbe su cika gida, maganar kuwa har yanzu ba ta fita. Ba kunnensa ne da matsala ba. Talabijin na yanzu ya sirance har babu inda za a cusa sifika ta kirki a cikinsa, 'yan ƙananan da ke ciki ma ƙasa suke kallo ko bango. Daga nan ake fara cigiyar "hom tiyata", sunan da in dattijo ya ji sai ya ɗauka asibiti za a kai shi. Ni dai silimar gida nake ce mata. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta.

Wace risiba ake nufi? Irin ta dish?

A'a, kuma nan ne ruɗanin farko. A wajenmu in an ce risiba, hankali kan tafi kan ƙaramin akwatin nan na tauraron ɗan'adam. Wannan dabam ce: babban akwati ne mai nauyi, wanda masu shago suka fi kira amfilifaya. Tana karɓar waya daga dikoda da na'urar gem ta miƙa hoto ga talabijin, tana warware sautin fim ta raba shi, wannan na gaba wancan na baya, sannan ta ba kowace sifika ƙarfin da za ta yi magana. Denon, Marantz, Yamaha, Onkyo, Pioneer da Sony su ne sunayen da za ka fi cin karo da su.

Me ake nufi da 5.1, 7.1 da 5.1.2?

Lambar farko yawan sifikokin da ke daidai da kunne ne. Biyar na nufin hagu, dama, tsakiya, da biyu a gefen mai kallo. Lamba ta biyu ta wufa ce, wato sabwufa, mai fitar da rugugi. In akwai ta uku, sifikokin sama ne na Dolby Atmos. A 7.1 ana ƙara biyu a bayan kujera, kuma nan ne nake ce wa mutane su dubi falonsu tukuna. Mu kujerunmu a jikin bango muke jera su. In bayan kujerarka bango ne, babu wani "baya" da za ka ajiye sifika, don haka kuɗin 7.1 asara ce. Tsaya a 5.1.

Malam, kuɗina ba za su kai in sayi duka ba. Da me zan fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma amsarta ba ta yi wa masu gaggawa daɗi: kada ka sayi duka. Sifika shida marasa kyau ba sa zama mai kyau ɗaya don an tara su.

Fara da risiba mai sauƙi da sifika biyu nagari, hagu da dama. Daga ranar farko za ka ji bambancin da ke tsakaninsu da talabijin kamar na dare da rana. Bayan wasu watanni, in aljihu ya farfaɗo, ka ƙara wufa. Sai ta tsakiya. Na gefe su ne na ƙarshe, kuma su ne inda za ka iya yin arha ba tare da kunne ya kama ka ba, domin aikinsu ruwan sama ne, hayaniyar kasuwa, mota ta wuce. Wasu ma sukan yi dabara: su fara da ƙananan sifikoki biyu, in sun samu manya sai su mayar da ƙananan gefe. Babu abin da aka zubar ke nan.

Dalilin wannan tsari shi ne, sifika ba ta tsufa kamar risiba. Sifika mai kyau da aka ƙera shekara ashirin da suka wuce, in ba a ƙona ta ba, yau ma mai kyau ce, waya biyu ce kawai ke shiga bayanta. Risiba kuwa duk 'yan shekaru sai an sauya mata tsarin HDMI (wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare), ta jiya ta zama tsohon yayi. Saboda haka a ra'ayina, kusan rabin kuɗin ya tafi ga sifikoki ukun gaba, ragowar a raba tsakanin wufa da risiba, na gefe su samu abin da ya saura. Mafi yawan mutane akasin haka suke yi, domin risiba ce mai fitilu da maɓallai, ita ce ake nuna wa baƙo.

Ba gara in sayi irin mai zuwa a kwali ɗaya ba, komai da komai?

In abin da kake so shi ne ka jona yau ka manta, to babu laifi, kuma doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, sawunba, ita ma ta fi ba komai nesa ba kusa ba. Amma ka san abin da ka saya. Irin na kwali ɗaya a ɗaure suke da juna: sifikokinsu galibi masu om 3 ko 4 ne (om lamba ce da ke nuna yadda sifika ke jan wuta, in ta yi ƙasa ta fi ja), kan wayarsu nasu ne na musamman, wufarsu kuma sau da yawa ba ta da injinta, daga uwar take shan ƙarfi. Ranar da uwar ta mutu, 'ya'yan sun zama marayu, domin risiba ta gaske ba ta cika jure om 3 ba. Ba abin da za ka gina a kansu.

A kwalin wata na ga an rubuta wat 5,000, wata kuma wat 70, amma mai 70 ta fi tsada. Yaya ke nan?

Juya akwatin mai 5,000 ɗin ka duba bayansa, wajen da wayar wuta ke shiga. Za ka ga an rubuta wutar da yake ja, wataƙila ba ta kai wat ɗari ba. To inda aka zuba mudu ɗaya, ta ina za a kwashe buhu? Lambar nan mai ƙatuwa, wadda akan rubuta PMPO kusa da ita, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, ta talla ce. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai.

Ko a cikin manyan kamfanoni akwai wasa da lamba. Risiba guda za ka ga an rubuta mata wat 140 a gaban kwali, a cikin takarda kuma wat 70. Ta farkon an auna ta ne da sifika ɗaya tal, a om 6, a kan sauti guda, an kuma ƙyale murya ta gurɓace har kashi 10 cikin ɗari. Ta biyun an auna da sifika biyu suna aiki tare, a om 8, daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, ƙaramar lamba rugugi, babba kaifi), gurɓacewa ƙasa da kashi ɗaya. Wannan ta biyun ita ce gaskiya, da ita ake kwatanta risiba da risiba.

Sannan wat ba ya aiki yadda ake zato. Kafin ƙara ta ƙaru da desibel 3 kacal (desibel, ko dB, ma'aunin ƙarar sauti ne), sai an ninka wat sau biyu. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, ana bukatar kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Tsakanin risiba mai wat 80 da mai 100 desibel ɗaya ne, ba za ka ji shi ba. Lambar da ta fi wannan amfani tana jikin sifika: yawan desibel da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai 87 dB matsakaiciya ce. Mai 90 dB za ta ba da wannan ƙara da rabin ƙarfin. Shi ya sa sifikokin Klipsch, masu baki kamar kakaki, ke cika ɗaki da ƙaramar risiba, ko da yake wasu na cewa muryarsu ta yi kaifi, kuma ni ma nakan gaji da ita in kallo ya yi tsawo.

Wani abu kuma: ba babbar risiba ce ta fi ƙona sifika ba, ƙarama ce da aka matsa wa. In ka ji sauti ya fara tsagewa yana kartar kunne, rage. 'Yar ƙaramar sifikar nan ta sama, tuwita, ita ke fara mutuwa.

Om fa? Dole ne ya yi daidai?

Duba bayan risiba, kusa da inda ake ɗaura wayoyi, za ka ga an rubuta abin da take ɗauka, galibi om 6 zuwa 16, wasu 4 zuwa 16. Sifika mai 8 ko 6 lafiya lau. Mai 4 ta fi jan wuta, risiba mai arha za ta yi zafi ta kashe kanta. Kuma kada ka ɗaura sifika biyu a baki ɗaya: 8 da 8 in an haɗa su haka 4 suke komawa.

Ƙananan sifikoki na kan kanta ko dogayen nan masu tsayawa a ƙasa?

Da kuɗi ɗaya, ƙananan sun fi inganci kusan kullum, domin a dogayen kuɗin katako da dako ka biya. Tunda za ka sa wufa, ita za ta ɗauki nauyin da dogayen za su ɗauka. Nemi akwatin da babbar sifikar cikinsa take inci 5 zuwa 6 da rabi. A wannan aji akwai Wharfedale Diamond, Q Acoustics, Polk Audio, JBL, da Elac Debut wadda injiniya Andrew Jones ya tsara, shi ne kuma ya tsara wa Pioneer wasu masu arha da suka yi suna kafin nan. 'Yan mitsi-mitsin nan kamar gwangwanin madara, su kam ka bar su: ba sa iya sauka inda wufa za ta karɓa, sai a samu rami a tsakiya, muryar namiji ta rasa kauri.

In akwai yara masu rarrafe, doguwa ta fi ƙarama a kan sanda wuyar turewa. Wannan ma dalili ne.

Sifikar tsakiya dole ce?

In kai kaɗai kake kallo, kana zaune daidai tsakiya, hagu da dama za su haɗa maka murya a tsakiyar allo ba tare da ita ba. Amma falonmu ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya zauna a gefe zai ji magana na fitowa daga sifikar da ta fi kusa da shi, bakin mai magana kuma yana can. Ta tsakiya ita ke riƙe murya a jikin allo, kuma kusan duk maganar fim ta nan take bi. Tunda rashin jin magana ne ya kawo ka wannan hidima tun farko, kada ka yi mata rowa.

Ka saye ta daga kamfani ɗaya da jeri ɗaya da na hagu da dama, don kada mota ta taso daga hagu tana tirela ta iso tsakiya ta zama a-daidaita-sahu. Ajiye ta a bakin kanta, ba can ciki ba, tana kallon kunnenka.

Sauran kuma: hagu da dama su buɗe kamar digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, tuwita daidai kunnen wanda ke zaune. Na gefe su kasance a gefen kujera ko ɗan baya kaɗan, sama da kai kaɗan. Na sha shiga gida in tarar an jera duka biyar a gaban talabijin kamar 'yan makaranta a layi. Kuɗin 5.1 aka biya, ana jin 1.

Wace irin wufa zan saya? Inci nawa?

Kunnen mutum na ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Ƙaramar sifika takan fara gajiya a wajen 50 ko 60 Hz. Abin da ke ƙasa da nan, tsawa, faɗuwar gini, rugugin jirgi, aikin wufa ne, kuma fim na da layi na musamman dominta, wannan ".1" ɗin, wanda ke ɗauke da sauti har zuwa 120 Hz.

Sharaɗi na farko, ta zama mai injinta a ciki, wadda ake jona wa wuta. Ramin wufa da ke bayan risiba sigina kawai yake bayarwa, ba ƙarfi ba. Sai girma: inci 10 ya isa ɗaki ko ƙaramin falo, babban falo ko wanda ke buɗe zuwa wajen cin abinci yana son 12. Mai inci 8 ta ɗakin kwana ce.

Amma inci ba shi ne duka ba. Duba inda take sauka. Wadda ke kai 30 Hz da gaske ta yi. Wadda ke tunkarar 20 Hz, kamar waɗanda SVS ke yi, ita ce mai girgiza kujera, kuma farashinta ya nuna haka. In an rubuta lamba ba a sa "±3 dB" a gefenta ba, ka ɗauke ta da shakka. Ɗaga akwatin ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa gefensa. In ya amsa kamar ganga, katakon siriri ne, zai riƙa rera tasa waƙar.

Iri biyu ne: rufaffiya da mai rami. Rufaffiya ta fi ƙanƙanta, sautinta a tsuke. Mai rami ta fi girma, ta kuma fi ba da ƙarfi a can ƙasa da wuta ɗaya, shi ya sa masu fim suka fi son ta. A namu yanayin ramin yana da wani baƙo: ɓera da kyankyaso na son sa. Ka riƙa leƙawa.

Wajen gwaji, mai shago zai sa maka kiɗa mai "dum, dum, dum" ya ƙure murya har kwano ya yi kuka. Kowace wufa ta iya wannan. Kai ka nemi kiɗan da rugugin ke hawa yana sauka, ka saurara ko kana bambance matakan, ko kuwa duk amo ɗaya ne take maimaitawa. Wufa mai kyau ba a jin inda take. In ka kashe ta ne za ka ji kamar an janye ƙasa daga ƙarƙashin sautin.

Na sayi wufa, a bakin ƙofa rugugi kamar zai fasa bango, a kujerata kuma babu komai.

Wufar lafiyarta ƙalau, ɗakin ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon sautin 40 Hz ya haura mita 8 da rabi, ya fi yawancin falo tsawo. Yana dukan bango ya dawo ya haɗu da kansa, a wani wuri su taru su yi yawa, a wani wuri su kashe juna. Tsakiyar ɗaki ta fi zama ramin shiru, jikin bango da lungu kuma su cika.

Maganin kyauta ne, sai dai yana taɓa girma. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, sa kiɗa mai rugugi, ka durƙusa ka yi rarrafe a gefen bango kana saurare. Inda ka ji sautin ya fi daidaita, ba inda ya fi yawa ba, nan ne wurinta. Ka kulle ƙofa kafin ka fara, kada yara su shigo su tarar da Baba yana rarrafe.

A cikin saiti an ce in zaɓi "Small" ko "Large". Nawa manya ne, in sa "Large"?

Sa "Small", ko da dogaye ne. Kalmar ba girman akwati take nufi ba, tambaya ce: a tura rugugi ga wufa ko a bar wa sifika? Sai ka sa mararrabar, wato inda sifika ke miƙa wa wufa rugugi, a 80 Hz, lambar da kamfanin THX mai tsara ma'aunin sautin silima ya tsayar kuma aka bi. Da haka risiba ta huta, sifikoki su sake, magana ta ƙara fita.

Yawancin risibobi na zuwa da ƙaramin makirfo na awon ɗaki. Denon da Marantz na amfani da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer na da MCACC. Ajiye makirfon daidai inda kanka ke kasancewa, kashe fanka da janareta in zai yiwu, a yi shiru, ka bar ta ta yi ƙararrakinta. In ta gama ka koma ka duba, domin sau da yawa takan mayar da sifikoki "Large". Maɓallin mararraba da ke bayan wufar kuma ka murɗa shi ƙarshe, risiba ce ke wannan aikin yanzu.

Me zan duba a jikin risiba? Dole sai mai Atmos?

Ƙirga abin da za ka jona, ka ga ramukan HDMI sun isa. In talabijin ɗinka 4K ne, ta zama mai wuce 4K da HDCP 2.2, tsarin hana satar kwafin fim, wanda ya zama ruwan dare a risibobi daga wajen 2015. Ta zama mai ARC, wato wayar HDMI ɗaya ta dawo da sautin YouTube ko Netflix daga talabijin zuwa risiba. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, shi ne mai ɗaukar sauti marar matsi. Irin su Yamaha RX-V385, Sony STR-DH590 da Denon AVR-S570BT duk masu layi biyar ne, wato masu ɗaukar sifika biyar, na matakin shiga, kuma sun ishi mafi yawan gidaje.

Mai PlayStation 5 ko Xbox Series X da ke son 4K a 120 Hz shi ne ke bukatar HDMI 2.1, kuma ya yi hattara da na farkon da suka fito a 2020, wasunsu sun samu matsala da Xbox a wannan fanni. Hanya mafi arha: jona gem ɗin kai tsaye a talabijin, sauti ya dawo ta ARC.

Atmos kuwa ya shiga gidajen silima a 2012, ya iso gidaje a 2014. Yana da daɗi in an huda silin an sa sifikoki. Irin masu harba sauti sama ya dawo suna son silin shafaffe, ba POP mai hawa-hawa da ado ba. Ga shi sai fim ɗin ya zo da shi, ga kuɗin data. Mai ƙaramin kasafi ya zuba kuɗin Atmos a wufa.

Na hannu fa? Na ga masu arha a kasuwa.

A nan riba take, a nan kuma ake kuka. Daga Alaba a Legas har Sabon Gari a Kano ana samun kayan da aka sauke daga waje, wasu lafiyayyu sosai. Sifika ta hannu ita ce ciniki mafi kyau. Cire rigar gabanta ka duba zoben da ke kewaye da ita, in soso ne ya fara marmashewa, aiki na jiranka. Danna tsakiyarta a hankali da yatsu a baje, kada ka ji karta. Sa kunne kan tuwita ka tabbatar tana magana. In kana da mita, mai om 8 takan nuna wajen 6, wannan daidai ne.

Risiba ta hannu ta fi haɗari. Kafin komai, karanta bayanta. Wutarmu 230 ce, a Nijar ma kusan haka. Kayan Amurka da Kanada 120 ne, na Japan 100. Ni kaina na taɓa ɗauko wata, mai shago ya gwada mini ita tana aiki sarai, ban lura cewa ta cikin taransifoma ya jona ta a ƙarƙashin tebur ba. Na isa gida na sauya mata kan filogi na soka a bango. Ƙara ɗaya ta yi, sai hayaƙi. Laifina ne rabi, domin rubutun na nan ɓaro-ɓaro. In ka sayi mai 120, sai da taransifomar rage wuta wadda ta fi abin da aka rubuta a bayanta da tazara mai kyau, ni ninki biyu nake nema. Kayan Ingila, Turai da Dubai ba su da wannan matsala.

Sannan a jona sifika a kowane baki ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowane ramin HDMI da hoto da sauti, domin allon HDMI na cikin abin da ya fi mutuwa a tsofaffi. Bar ta ta yi aiki rabin awa, mai ciwo sai ta ɗumama take kashe kanta. Tambayi rimot da makirfo. In babu su, a rage kuɗi, kuma ragi na gaske.

Wutar Nefa da janareta ba za su kashe mini ita ba?

Za su iya. Sa sitabilaiza cikin lissafi tun farko, mai jinkirta kunnawa, domin dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna. In an ɗauke, kashe soket. Kada ka tayar da janareta ko ka kashe shi risiba na kunne. Inbata kuma ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda ake ce wa "pure sine wave", ɗaya irin takan sa taransifomar ciki gurnani da zafi. Da damina in hadari ya taso da walƙiya, zare filogi, har da wayar dish.

Zafi ma makashi ne. Kada a kulle risiba cikin kabad, kada a ɗora mata dikoda a ka, kuma don Allah a roƙi uwargida kada a lulluɓe ta da ƙyallen ado tana aiki. A bar mata sarari kamar tafin hannu a sama. In an kashe ta huce, a rufe ta saboda ƙurar hunturu.

Sai na sayi waya mai tsada?

A'a. Jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 mm² ya isa har mita goma da 'yan kai, in ya fi haka sa 2.5. Kankare bakin wayar da reza, in cikinta fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ja ga ja, baƙi ga baƙi a kowane ɓangare. In ka juya ɗaya, rugugi zai ragu, murya ta rasa mazauni. Kuma ka murɗe silin wayar sosai, ƙwaya ɗaya in ta taɓa maƙwabciyarta risiba za ta ɗauke.

Ina da sifikar biki da wufar mota. Za su yi?

Ta biki an yi ta ne don ta kai murya ƙarshen layi, ba don raɗa a falo ba. Za ta yi ƙara, amma yawancinsu ba sa sauka ƙasa sosai, kuma daga mita uku suna gajiyar da kunne. Wufar mota ba ta da inji, om ɗinta 4 ne ko 2, sai ka nemo mata amfilifaya dabam. In kana da su a ajiye, gwada. Saye dai kada ka saya don wannan.

Ni ƙwallo da finafinan Hausa nake kallo. Sifika biyar za su yi mini amfani?

Gaskiya mafi yawan abin da ke YouTube, har da finafinanmu, layi biyu ne. Risiba na iya baza shi zuwa biyar da Dolby Pro Logic II a tsofaffi, ko Dolby Surround da DTS Neural:X a sababbi, ta tura magana tsakiya, hayaniya gefe. A ƙwallo wannan na da daɗi, sai ka ji kamar kana cikin 'yan kallo. Wasu tashoshin HD na DStv ma na zuwa da Dolby Digital 5.1, in ka kunna shi a saitin dikoda. Amma in wannan ne kallonka, 3.1 ya ishe ka: uku a gaba da wufa.

Falona tayil ne, sauti na amsa-kuwwa, ga maƙwabci ya fara gaisuwa sama-sama.

Tsaya tsakiyar falon ka tafa sau ɗaya. In ka ji wutsiya tana bin tafin, ɗakin ne ke cinye maka magana, kuma ba sifikar da za ta gyara wannan. Tayil, siminti da gilashi duk madubin sauti ne. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, rataya labule mai nauyi, kujerun kushin ma na taimakawa. Wannan ya fi sauya risiba tasiri, kuma uwargida ba za ta yi gardama ba.

Maƙwabci kuwa ba magana ce ke isa gare shi ba, rugugi ne, shi ke ratsa bulo. Janye wufa daga bangon da kuka haɗa, sa mata roba ko kafet a ƙasa. Da dare kunna abin da ke matse tazarar ƙara, Denon na kiran sa Dynamic Volume, Yamaha Adaptive DRC, sannan ka ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3 maimakon ka ƙara duka. Kunnenka ma zai gode, domin desibel 85 na awa 8 shi ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu.

Wata rana bayan isha'i, sa fim mai harbe-harbe, ka fita ka tsaya jikin katangarsa, yaro na rage maka murya kaɗan-kaɗan. Lambar da ka daina jin rugugi a kanta, rubuta ta a 'yar takarda ka manna a bayan rimot.